Gani Bai Kori Ji Ba: Sharhi a Kan Matsayin Harshe a Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce gani ya kori ji, kuma a bisa wannan fahimta ce ake gina gidajen tarihi. Ana tara kayan da magabata suka bari, a jera su, domin wanda ya sha jin labari ya zo ya gane wa idonsa. Wannan takarda tana da ja a kan karin maganar, aƙalla dangane da ƙananan gidajen tarihi irin na garuruwanmu. Hujjarta ita ce, mashin da aka jingine a bango ba ya faɗin sunansa, ba ya faɗin wanda ya riƙe shi, ba ya kuma faɗin dagar da aka kai shi. Duk waɗannan a bakin mutane suke, kuma da harshe ake adana su. Idan aka tsare ƙarfen aka bar kalmar ta salwanta, to rabin kayan ne kawai aka tsare.

An zaɓi Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu a Jihar Kabi don a gwada wannan ra'ayi. Dalilin zaɓen kuwa shi ne, gidan yana cikin tsofaffin irinsa a Arewa, yana zaune a yankin da ake magana da karin harshen yamma, sannan tarihin da yake bayarwa tarihi ne da ɓangarori biyu suka daɗe suna faɗinsa da kalmomi mabambanta.

2.0 Gidan da Sunayensa

Argungu tana bakin Gulbin Kabi, kimanin kilomita 100 kudu maso yamma da Sakkwato. Baƙon da ya nufi gidan tarihin zai same shi a tsakiyar gari, daura da babbar kasuwa. Ba a gina shi don ajiye kayan tarihi ba. Fadar Sarakunan Kabi ce tun ƙarni na 19, har zuwa 1942 da aka koma sabuwar fada. A ranar 1 ga Yuli 1958 aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi, wato shekara 13 bayan na Esie (1945), shekara 6 bayan na Jos (1952), shekara guda kacal bayan na Legas (1957). An kasa shi sassa 11, kuma abin da aka fi saninsa da shi shi ne kayan yaƙi: masu da takubba da baka da kibau da bindigogin gargajiya da layu da ganguna. A cikinsa ne kuma ake binne sarakunan garin. Wannan batu na ƙarshe ya bambanta shi da gidajen da hukumar tarayya ta gina daga tushe. Mai ziyara a Jos ko Legas yana shiga ma'aikata ne. Mai ziyara a nan kuwa gidan sarauta ya shiga, kuma hubbaren kakannin masu gari, don haka akwai ladabin da ke kansa, akwai kuma iyakar abin da za a faɗa masa.

Tun daga ƙofa batun harshe yake farawa, domin gidan suna biyu gare shi. A takarda sunan Kanta yake ɗauke da shi, a bakin mutanen gari kuwa ana ce masa Gidan Nabame. Sunan na biyu bayani ne na wanda ake danganta ginin da shi, wato Sarkin Kabi Yakubu Nabame (1849-1854). Sunan farko kuwa da'awa ce. Muhammadu Kanta ya rayu ne a farkon ƙarni na 16. Littafin Tarikh al-Sudan na Abdurrahman al-Sa'adi ya kawo labarin yadda ya ɓalle daga Askiya Muhammadu na Songhai wajen 1516 zuwa 1517, bayan saɓanin da ya shiga tsakaninsu a kan rabon ganimar yaƙin Agadas. Birninsa Surame ne, wanda kufansa yake nan har yau, aka kuma sanya shi cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1964. Daga baya ne sarautar ta koma Birnin Kabi, daga can kuma masu jihadi a ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo suka fitar da Sarkin Kabi Muhammadu Hodi a 1805. Argungu ba ta zama mazaunin sarautar ba sai bayan Kanta da kusan shekara 300. Saboda haka sanya sunansa a kan wannan fada magana ce cikakkiya, ma'anarta ita ce sarautar da aka kafa a Surame ba ta yanke ba, nan ta dawo.

Da'awar tana da muhimmanci idan aka tuna cewa laƙabin Sarkin Kabi ba a Argungu kaɗai ake jin sa ba. Akwai Sarkin Kabin Yabo, akwai na Jega, kuma Birnin Kabi kansa ya zama mazaunin Sarkin Gwandu. A nan ya kamata a ɗan ratse a ambaci rubutun sunan. Bahaushe Kabi yake cewa, mutanen kuma Kabawa, karinsu da al'adarsu Kabanci. Rubutun "Kebbi" na Turawa ne, amma shi ya shiga takardun hukuma, da shi aka ƙirƙiro jihar a 1991, har ya kai ga yanzu ana jin masu karanta labarai da Hausa suna furta shi yadda Bature ya rubuta. 

3.0 Shekarar 1831

Bayanan da aka fi yaɗawa game da gidan, musamman na jawo masu yawon buɗe ido, suna haɗa abu biyu a jimla ɗaya: an gina shi a 1831, kuma Yakubu Nabame ne ya gina shi. Waɗannan biyun ba sa zama inuwa ɗaya cikin sauƙi. Bisa jerin sarakunan da Hogben da Kirk-Greene (1966) suka kawo, da kuma bayanin Johnston (1967), 1831 ita ce shekarar da aka kashe Sarkin Kabi Sama'ila Karari, mahaifin Nabame, bayan rundunonin Gwandu da Sakkwato sun ci ƙarfinsa. Shi kuwa Nabame ya faɗa hannun Sakkwato, ya daɗe a can, bai ɗaga tutar Kabi ba sai a 1849, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Wanda yake tsare a wani gari da wuya a ce shi ne ke gina fada a Argungu a wannan shekarar.

Ba a kawo wannan don a ƙaryata kowa ba. Mai nazarin adabin baka ya san cewa ruwaya ba ta lissafi da shekarar miladiyya, da zamanin sarki take yi. Tsoho zai ce "zamanin Karari" ko "zamanin Nabame", sai mai rubutu ya zo ya nemi lamba ya liƙa. A wurin liƙawar ne ake samun tuntuɓe, domin ana iya ɗauko shekarar da ta shafi uba a ɗora wa aikin ɗa. Da an rubuta ruwayar yadda ta fito daga bakin masu ita, da kalmominsu, da manazarci ya ga ko "kafa" aka ce, ko "gina", ko "tayar", ko "sake gina". Kowace daga cikin waɗannan tana kai mutum ga tarihi daban. Taƙaitawar Turanci ta haɗiye su duka a kalma guda.

4.0 Sunayen Kaya

Wannan haɗiyewa ta fi muni idan aka zo kan kayan da aka jera. Turanci shi ne harshen aikin gidajen tarihi a Nijeriya tun daga Hukumar Kayan Tarihi da aka kafa a 1943 a ƙarƙashin Kenneth Murray, har zuwa hukumar ƙasa da Doka ta 77 ta 1979 ta kafa. A jerin kayan Gidan Kanta da ake bugawa da Turanci, kalma ɗaya ce ke wakiltar duk abin da mayaƙi ke ɗaurawa don tsari. Bahaushe kuwa bai taɓa kiran su da suna ɗaya ba. Ta fuskar siffa da wurin ɗaurawa akwai laya, akwai guru da ake ɗaurawa a ƙugu, akwai kambu na damtse, akwai karhu, akwai daga. Ta fuskar aiki kuma akwai wani rabon: kaudabara don makami ya kauce, sagau don hannun abokin gaba ya sage, baduhu da layar zana don a ɓace wa ido, shashatau don a ɗauke hankalin mai nema, maganin ƙarfe don kada kaifi ya kama jiki. Rabon nan biyu ba su dace da juna ƙafa da ƙafa ba, domin guru guda yana iya ɗaukar aiki fiye da ɗaya. Wannan tsari ne na tunani, kuma a cikin kalmomin yake zaune. Wanda ya kalli ƙullin fata a bayan gilashi ba zai gan shi ba.

Haka abin yake ga makamai. Mashi suna ne na jinsi, amma asigiri ba kowane mashi ba ne. Takobi da kansakali da bisalami ba a faɗe su don ado kawai ba. Garkuwa tana da ƙanana irin kunkeli da manya irin kutufani. Akwai barandami da gariyo, akwai sulke da lifidi da kwalkwali. Da yawa daga cikin waɗannan kalmomi yanzu ba a jin su sai a waƙoƙin fada da kirarin maza, inda ɗalibi ke haddace su ba tare da ya taɓa ganin abin da suke nufi ba. Ƙamusun Bargery (1934) da na Abraham (1949) sun taskace mafi yawansu, Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero (2006) ma ya yi nasa ƙoƙarin, sai dai ƙamus bayani yake bayarwa da wasu kalmomin, ba ya miƙa wa mutum abin ya juya shi a hannu. Ke nan an wayi gari kalmar tana cikin littafi a Kano ko Zariya ko Ibadan, abin kuma yana rataye a Argungu, ba wanda ya ɗauki nauyin haɗa su. Gidan tarihi irin wannan shi ne kaɗai wurin da za a iya nuna abu a tambayi dattijo sunansa, a kuma ji ko sunan da ke ƙamus shi ne na nan.

Ganguna sun fi kowane kaya nuna gurguncewar kallo ba ji. Tambari ba ganga ba ce kamar sauran, alamar mulki ne, ba a kaɗa shi sai ga sarki. Kotso da taushi na makaɗan fada ne, kurya ta fagen fama ce. Kowane daga cikinsu yana da take, taken kuma magana ce da ake fassarawa. Argungu ta fitar da makaɗan fada da manazarta waƙar baka ke ambato cikin na farko-farko, kamar Buda Ɗantanoma. Gangar da aka rataye ba tare da an naɗi takenta ba ta zama itace da fata. Na'urar naɗar magana ta daɗe da zuwa ƙasar nan, yau kuma tana cikin aljihun kusan kowane ɗalibi, don haka uzurin rashin kayan aiki ya ƙare.

Ko da an amince a rubuta sunayen da Hausa a jikin kowane abu, akwai wata matsalar da ta shafi masana harshe kai tsaye. Ƙa'idojin rubutun yau da kullum ba sa nuna karin sauti da tsawon wasali. Sai ga shi uku daga cikin kalmomin da ba makawa sai an yi amfani da su a irin wannan gida suna da tagwaye a rubuce. "Baka" na harbi karinsa ƙasa-sama ne, "baka" na cikin baki kuwa sama-ƙasa. "Kwari" na zuba kibau ƙasa-sama ne, "kwari" na gangare sama-ƙasa. "Gora" da masunci ke hawa a ruwa ƙasa-sama ne, "gora" ta sanda kuwa sama-ƙasa. Ga Bahaushe wannan ba komai ba ne, ganin abin ya isa ya warware masa. Amma ɗalibin da ya fito daga Nsukka ko Ife yana koyon Hausa a matsayin harshe na biyu, ko ma ɗan birnin da bai taɓa jin an furta "kunkeli" ba, ba shi da abin dogaro. Takardar bayanin gidan tarihi tana cikin wuraren da ya dace a saka alamun karin sauti kamar yadda ake yi a ƙamus, domin aikinsu ɗaya ne.

5.0 Bakin Jagora

A ƙananan gidajen tarihi, mafi yawan abin da baƙo ke komawa gida da shi daga bakin jagoran da ya zagaya da shi yake fitowa. Wannan bayani adabin baka ne sosai. Yana da mabuɗi da marufi, yana da wuraren da ake tsayawa a yi kirari, yana sauyawa gwargwadon wanda ke saurare, ɗan makaranta ne ko basarake ko Bature. Duk da haka manazarta sun fi karkata ga tatsuniya da waƙa da karin magana, sun bar wannan reshe kamar ba nasu ba.

A Argungu bayanin yana da ƙarin daraja saboda karin harshe. Hausar wannan yanki tana cikin rukunin yamma, wanda ya riƙe siffofin da masana ke ɗauka sun girmi na daidaitacciyar Hausa. Ana jin "h" ko "hw" a inda Kano ke da "f", kamar a "tahi" da "hwada". Dirka "na" da "ta" ce maimakon "ne" da "ce". A shuɗaɗɗen lokaci na biyu ana cewa "munka" da "kunka" da "sunka" da "anka", a tilo kuma ana ninka baƙin da ke biye, kamar "yat tahi". Alal misali, jimlar da za a rubuta a allo da cewa "nan ne aka binne shi", a bakin ɗan ƙasa tana iya fitowa "nan na anka bizne shi". Tambayar da ke gaban masana ita ce, da wacce za a rubuta? Masu goyon bayan daidaitacciyar Hausa suna da hujja mai ƙarfi, domin ita ake koyarwa a makaranta, ita kuma baƙo daga kowace jiha zai fahimta. Ra'ayin wannan takarda shi ne a raba aikin biyu. Bayanin hukuma a yi shi da daidaitacciyar Hausa, amma sunan abu da kirari da duk maganar da aka ɗauko daga bakin mutum a bar su da Kabancinsu. Gidan da aka kafa don nuna cewa Kabi ba ta narke cikin maƙwabtanta ba, bai kamata ya zama wurin da ake gyara wa Kabawa baki ba.

Sannan akwai zaɓen kalma, wanda ya fi karin harshe nauyi. Abin da ya faru tsakanin Kabi da Gwandu da Sakkwato daga 1805 zuwa ƙarshen ƙarni, mafi yawan rubutattun madogaransa daga ɓangaren masu jihadi suka fito, kamar Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello da Tazyinul Waraƙati na Malam Abdullahi, waɗanda suka ba da labarin farkon al'amarin. Ta wannan mahanga, yunƙurin Karari da na Nabame tawaye ne. Ta mahangar Argungu kuwa ƙwatar ƙasar gado ce. Nazarin M. B. Alkali (1969) a Jami'ar Ahmadu Bello yana cikin na farko da suka dubi ƙarnin ta fuskar Kabawa. Jagoran da ke tsaye gaban takobi, yana magana da ɗaliban da wasunsu jikokin wancan ɓangare ne, dole ya zaɓa tsakanin "tawaye" da "yaƙi" da "faɗa" da "rashin jituwa". Yadda yake zaɓa, da abin da yake kauce wa, da inda yake saka barkwancin da ke tsakanin Kabawa da maƙwabtansu don ya sassauta zance, duk abin nazari ne ga mai sha'awar harshe da zamantakewa. Harshen ma ya taskace lokutan sulhu. Yarjejeniyar da aka ƙulla zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga, wadda ta ɗore daga 1867 zuwa 1875, da Hausa aka san ta, wato Lafiyar Toga. Zuwan Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu Argungu a 1934, zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama, shi ne ake ɗauka mafarin bikin kamun kifi a siffarsa ta yanzu.

Kada kuma a manta cewa Nabame bai yi yaƙinsa shi kaɗai ba. Arawa da Zabarmawa da Dandawa sun mara masa baya, kuma iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta bar da yawansu a cikin Jamhuriyar Nijar ta yau, wajen Dogonduci da Doso da Gaya. Abu guda a wannan gida yana iya samun suna a Hausa da Zabarmanci da Fulatanci, kuma kwatanta sunayen zai nuna wa ya ara daga wa.

6.0 Aikin da ke Jira

Abin da ake bukata bai fi ƙarfin sashe guda na jami'a ba. A bi sassan nan 11 ɗaya bayan ɗaya tare da dattawan fada da maƙera da dukawa da makaɗa, a ɗauki hoton kowane abu, a naɗi sunansa daga bakin mutum fiye da ɗaya, a rubuta shi da karin sauti da tsawon wasali, a kwatanta da abin da Bargery ya rubuta. Inda aka sami saɓani a bar shi a matsayin saɓani. A nemi izinin fada tun farko, a kuma yarda cewa akwai abin da ba za a faɗa ba, musamman kan layu da makwantan sarakuna. A ajiye kwafin duk abin da aka naɗa a gidan kansa, kada ya ƙare a kabad ɗin wani malami.

Daga nan sai a gangara bakin Matan Fada. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya bikin kamun kifi na Argungu cikin jerin al'adun duniya da ba a taɓa su da hannu, wanda hakan ya jawo idon duniya kan ranar gasar. Amma a bayan ranar akwai kalmomin sana'a da ba su shiga jaridu ba: homa da koma da taru da mamari da zago, da bukukuwan gyaran ruwa da fashin ruwa, da sarautun Sarkin Ruwa da Homa da Makwashe. P. G. Harris ya rubuta maƙala a kan masuntan Kabi a 1942, shekarar da sarki ya bar tsohuwar fada. Wanda zai fara wannan aiki zai iya ɗaukar kalmomin da Harris ya tara, ya karanta wa masuntan Argungu su ɗaya bayan ɗaya, ya ƙirga nawa ne har yanzu suke ganewa.